Direbana ya kaɗe mai babur, jandarma sun ce a buge yake: wane hukunci ke jiransa, ni kuma ina na tsaya?

Tambayar ta fito ne daga wani Alhaji mai motar haya a nan Damagaram. Ga abin da ya ce: "Ina da Iyas mai ɗaukar fasinja tsakanin Zinder da Matamai, direban ɗan ƙanwata ne. Daren Lahadi yana dawowa ya kaɗe wani mai babur kusa da Takeita, mutumin ya karye a cinya, yana kwance a asibiti. Jandarma sun ce sun ji warin giya a bakin yaron, sun kuma samu ƙwayar taramol a aljihunsa. Yanzu yana hannunsu, motar ma sun riƙe. A tasha ana ce mini tun da ba a sa shi ya hura na'ura ba babu wata shari'a, kuma in dangin mutumin suka yafe an gama. Gaskiya ne? Wane hukunci ke jiransa, kuma asirans za ta biya?"

Alhaji, sannu da wannan jarrabawa. Allah ya ba wanda ke kwance lafiya, ya kuma shiryi yaron. Maganganun tasha guda biyun nan duk ba daidai ba ne, kuma in ka bi su kai ne za ka kwana ciki. Rashin na'ura ba ya kashe shari'a, yafewar dangi ba ta rufe ta.

Abin da ya faru daren nan ya taɓo dokoki uku a lokaci ɗaya. Dokar hanya ta Nijar, wadda aka sabunta a 2014, ta hana tuƙi cikin maye ko da direba bai taɓa kowa ba. Hukuncinta ya haɗa da tara, ɗauri, dakatar da permi ko karɓe shi, da kai mota furiyer, wato wurin da hukuma ke tsare motoci. Kundin hukunta laifuka, wanda asalinsa na 1961 ne aka yi ta yi masa gyara, shi ke kama wanda ya ji wa wani rauni ko ya kashe shi ba da gangan ba, ta hanyar sakaci, ganganci ko take doka. A cikinsa kuma bayyana a buge a bainar jama'a laifi ne mai zaman kansa. Sai dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999, wadda ƙwayar aljihun ta jawo. Wannan ta ukun ita ce iyalai suka fi rainawa, alhali tana iya buɗe masa wani fayil daban a wurin ofishin OCRTIS mai farautar dillalan ƙwaya, inda tambayar farko ita ce nawa aka samu, ina takardar likita, wa ya sayar masa. Ƙwaya biyu a aljihu da katan goma a ƙarƙashin kujera ba abu ɗaya ba ne a wurin alƙali.

Yanzu maganar na'urar da ake hurawa don auna barasa. Tana taimakawa ƙwarai, domin tana ba da adadi, amma alƙalin laifi yana yanke hukunci ne da duk hujjar da aka kawo gabansa ta gamsar da shi. Abin da jandarma ya gani da idonsa ya rubuta a takardar bincikensa hujja ce: warin baki, jan ido, harshe mai nauyi, tangaɗi, kasa tafiya a miƙe diddige na bin yatsa, kasa taɓa kan hanci da ido a rufe. Fasinjojin da suka ga motar tana cin hannun wasu tun daga Kance hujja ce. Kwalbar da aka tsinta a mota hujja ce. Konstar da aka zana a wurin, wato hoton yadda haɗarin ya faru, wadda ke nuna inda gilashi ya zube, a hannun wa aka yi karon, da ko akwai sawun birki a kwalta, ita ma tana magana. Rashin sawun birki kwata-kwata a miƙaƙƙiyar hanya yana nuna direban bai ga abin da ke gabansa ba, ko ya gani jikinsa bai amsa ba. Sannan abin da yaron ya faɗa da bakinsa ya sa hannu a kai ya fi duk waɗannan nauyi.

Inda akwai awo, ga yadda ake karanta shi. Ana auna barasa a jini da giram cikin lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗari yana fara hawa tun daga ɗan kaɗan, yana kuma yin tsalle daga 0,4. Shi ya sa take ba ƙasashe shawarar kada iyaka ta wuce 0,5 ga kowa, da 0,2 ga matasa da sababbin direbobi. Faransa, wadda tsarin shari'armu ya samo tushe daga nata, tana kan 0,5, ta sauke zuwa 0,2 ga sabon direba da direban bas, daga 0,8 kuma abin ya zama babban laifi na gaban kotu. Na'urar hurawa numfashi take aunawa, da miligiram cikin litar iska, kuma ana ninka shi biyu a samu na jini: 0,25 a iska daidai yake da 0,5 a jini. Nan mutane da yawa ke ruɗewa, su ga 0,40 a fuskar na'ura su ce ai bai kai 0,5 ba, alhali 0,8 ke nan a jini.

Lissafin jiki ba shi da wuya. Babbar kwalbar giya ta santilita 60 mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 tana ɗauke da barasa zalla giram 24. Ana raba wannan da nauyin mutum bayan an ninka shi da 0,7 ga namiji, 0,6 ga mace. Saurayi mai kilo 65 ya sha kwalba ɗaya ciki babu abinci, ya kai 0,5 da ɗan ɗori cikin rabin awa zuwa awa guda. Ƴar ledar nan ta barasa mai zafi, santilita 5 mai ƙarfin kashi 40, giram 16 ce; biyu sun wuce babbar kwalba nesa. Burkutu ba shi da tsayayyen ƙarfi, tukunyar yau daban ta gobe daban, don haka mai shansa bai san abin da ya zuba wa cikinsa ba. Fitarta kuwa aikin hanta ne, kuma hanta ba ta sauri: tsakanin 0,10 da 0,15 take ragewa a kowace awa. Shayi mai kauri, kofi, goro, wanka da ruwan randa, duk ba sa ƙara mata gudu ko ƙanƙani. Suna buɗe ido ne kawai, jinin na nan yadda yake. Wanda ya sha manyan kwalabe uku ya kai wajen 1,5. In ya ajiye kwalbar ƙarshe sha biyun dare, ya ɗauki lodin farko ƙarfe biyar na asuba, yana iya fita tasha da 0,7 ko fiye, shi kuwa a ganinsa ya yi barci ya wartsake. Ka riƙe wannan, Alhaji, domin direban safiya ba a cika zarginsa ba.

Abin da wannan adadi ke yi a kan hanya kuma: mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Lafiyayyen direba yana ɗaukar kamar daƙiƙa ɗaya tsakanin gani da taka birki. In barasa ta ƙara masa rabin daƙiƙa kacal, mita 12 da rabi ke nan ƙari kafin ƙafarsa ta taɓa birki. Ga ido ya daina ganin gefe, ga hasken motar da ke tahowa yana daɗewa kafin ya sake shi. A hanyar Takeita da daddare, inda ake haɗuwa da babur marar fitilar baya, amalanken shanu da jakuna a bakin kwalta, waɗannan mitocin su ne tsakanin kaucewa da karo.

In ba a hura na'ura ba, hanyar da ta rage ita ce jini. Jami'in da ke bincike yana rubuta wa likita takardar umarni, likita ya duba direban, ya rubuta abin da ya gani, ya ɗebi jini. A nan ne ayyuka da yawa ke lalacewa, kuma lalacewar tana iya cutar kowane ɓangare. Ba a goge wurin allura da alkol, sai da maganin da babu barasa a ciki. Ana zuba jinin a kwalba mai sinadarin fuloraid, mai murfi ruwan toka, a cika ta, a yi guda biyu domin ta biyun ta zauna saboda ranar da wani zai ce bai yarda da awon farko ba. A rufe, a manna suna da lokaci, a ajiye cikin sanyi. Jinin da aka bari a aljihun tebur cikin zafin watan Afirilu, lokacin da garin nan ke wuce digiri 40, yana iya canzawa, kuma lauya mai ido zai rushe sakamakonsa cikin minti biyu. Lokaci ma haka: in karo ya faru ƙarfe tara ba a ɗebi jini ba sai ɗayan dare, tsakanin 0,4 da 0,6 sun riga sun fita. Don haka dole a rubuta lokacin haɗari da lokacin ɗiba, domin gwani ya iya lissafawa baya. Ita ma na'urar hurawa tana da sharuɗɗanta: a jira aƙalla minti 15 bayan kurɓar ƙarshe, saboda ragowar barasar baki tana kumbura adadi, kowa da sabon bakin hurawa, a kai ta saiti duk wata shida zuwa shekara. Ƴar robar nan mai balan-balan, wadda garin cikinta ke juyawa daga rawaya zuwa kore, ta tantancewa ce kawai, tana da ranar lalacewa, kuma zafin cikin mota yana kashe ta.

Akwai dalili na biyu da ya sa ganin likita ya zama dole, kuma wannan don ran direban ne. Ba duk mai tangaɗi da nauyin harshe ne mashayi ba. Mai ciwon suga da sugansa ya faɗi ƙasa da giram 0,7 a litar jini yana yin gumi, ya rikice, ya yi faɗa, kamar wanda ya sha. Tsinke ɗaya a yatsa ya raba gardama. Wanda kansa ya bugi gilashi yana iya yin magana lafiya lau awa biyu, sannan barci ya fara ɗaukarsa saboda jini na taruwa a cikin ƙoƙon kai. Mutum yana iya shan giya kuma ya fasa kai a dare ɗaya, warin bakin ya sa kowa ya ce a bar shi ya yi barci. In yaronka ya bugu a kai, yana amai ko ciwon kai mai ƙaruwa, ka nemi a kai shi asibiti yau, ba gobe ba.

Taramol kuwa, a ganina ita ce babbar matsalar hanyoyinmu fiye da giya, domin giya ana jin kunyarta a garin nan, ana ɓoyewa, ita kuwa ƙwaya ana haɗiye ta da shayi a gaban kowa da sunan maganin gajiya. Ƴan kabu-kabu, masu adaidaita, karnukan mota, direbobin dogon zango, babu inda ba ta shiga ba. Ta asibiti miligiram 50 ce ko 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini ga babban mutum. Ta hannun ƴan talla 200 ce ko 225 a ƙwaya ɗaya, wani ya watsa uku a tashi guda. Tana kawo gyangyaɗi, tana rage saurin amsawa, kuma mafi muni tana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya ba gargaɗi, yana riƙe da sitiyari da mutum goma sha tara a bayansa. Haɗa ta da giya ko diyazefam yana danne numfashi. Na'urar hurawa ba ta ganinta sam. Ko tsinken gwajin fitsari na gama-gari ba ya kama ta, sai wanda aka yi musamman dominta, kuma fitsari yana nuna an sha cikin ƴan kwanakin nan ne kawai. Jini ne ke nuna abin da ke aiki a jiki lokacin karon.

To ina yaron zai bi daga nan? Jandarma na iya tsare shi awa 48 don bincike, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati, wato porkirer. Yana da haƙƙin lauya tun a wannan mataki, kuma ina ba ka shawara ka nemo, domin abin da aka rubuta a birgad shi zai bi shi har ƙarshe. Takardar da Faransanci ake rubuta ta. Kada ya sa hannu sai an fassara masa layi bayan layi, in akwai abin da bai faɗa ba ya ce a gyara. Ban ce ya yi ƙarya ba. Ƙaryar da fasinja uku za su ƙaryata tana ƙara masa nauyi ne kawai. Daga nan sai a miƙa shi gaban porkirer, wanda zai zaɓa: ya sake shi ya jira sammaci, ko ya tura shi gidan kaso a gurfanar da shi cikin gaggawa a matsayin wanda aka kama dumu-dumu, ko ya miƙa wa alƙalin bincike in lamarin na da sarƙaƙiya. Takardar likitan wanda aka kaɗe tana da babban tasiri, domin yawan kwanakin da aka rubuta ba zai iya aiki ba su ke raba ƙaramin laifi da babba, karayar cinya kuwa maganar watanni ce. In Allah ya yi masa rasuwa sanadin raunin, tuhumar ta koma kisa ba da gangan ba, hukuncin ya haura.

Doka tana ba alƙali ƙasa da sama, shi ke tsayar da adadin tara da tsawon ɗauri a tsakaninsu. Abubuwan da ke tura shi sama sanannu ne: maye, gudu fiye da ƙa'ida, lodi fiye da kujeru, rashin permin da ya dace, taɓa yin irin wannan a baya, da gudu bayan karo. Direban da ya ji tsoron taron jama'a ya wuce kai tsaye zuwa birgad ko komisariya mafi kusa ya miƙa kansa daban yake da wanda ya ɓuya aka nemo shi. Abubuwan da ke saukowa da shi: karo na farko ne, ya tsaya ya taimaka, ya amsa laifinsa, an kula da majinyaci, dangi sun yafe. Mai laifin farko yana iya samun ɗaurin talala, amma wannan hukunci ne cikakke, yana shiga kaziyensa, wato takardar tarihin laifukansa a kotu, kuma in ya sake cikin wa'adi sai ya biya tsoho da sabo. Kaziye mai tabo yana rufe ƙofar aikin gwamnati da na manyan kamfanoni, permin da aka dakatar kuma yana nufin watanni babu abin kai wa gida. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da kwana 10 ya ɗaukaka ƙara, kotun ɗaukaka ƙarar kuma tana nan cikin Zinder.

Maganar yafewa tana bukatar a tsaya a kanta. Shari'ar tana da fuska biyu. Akwai haƙƙin wanda aka ji wa rauni, wato kuɗin magani da diyya. Wannan nasa ne, yana iya nema, yana iya bari. Akwai kuma haƙƙin jama'a, wanda porkirer ke riƙe da shi, kuma babu uba ko mai unguwa da zai iya yafe shi. Ka je gaisuwa, ka tafi da manya, ka nemi afuwa, wannan shi ne mutunci, alƙali ma zai duba. Amma abin da ke damuna shi ne yadda ake taruwa a kan talaka yana kwance, a ce masa ƙaddara ce, ya bar wa Allah, a ba shi jika hamsin ya sa hannu. Bayan wata shida ƙafa ta ƙi haɗewa, ana neman kuɗin ƙarfe da tiyata, mai babur ɗin da ke ciyar da mutum takwas ya koma bara. Ƙaddara gaskiya ce, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya haramta giya a Suratul Ma'ida, shi ne kuma ya wajabta diyya da kaffarar ƴanta bawa, ko azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu ba, a kan kisan kuskure a Suratun Nisa'i, aya ta 92. Kada a yi amfani da tawakkalin mutum a cinye masa haƙƙi.

Kai kuma, Alhaji, ba za a ɗaure ka don laifin da wani ya yi ba, amma a dokar farar hula maigida yana ɗaukar ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki, don haka za a kira ka a matsayin mai ɗaukar nauyin biya. Asirans ce garkuwarka, in tana da rai. Nijar tana bin dokar asirans ta CIMA, ta ƙasashen da suka sa hannu a Yawunde a 1992, kuma a ƙarƙashinta mayen direba ba ya hana a biya wanda aka kaɗe ko fasinjan da ya ji rauni. Abin da kamfani zai iya ƙi shi ne gyaran motarka, in kana da wannan ƙarin lamunin, shi ma direban asirans ta dole ba ta rufe raunin jikinsa. Ka ɗauko takardunka yau ka duba abu huɗu: ranar ƙarewar asirans, domin in ta mutu ko da kwana ɗaya ne, ko ba a biya kuɗinta ba, komai daga aljihunka zai fito, ga laifin yawo babu ita; na biyu, ko an yanke ta a matsayin motar haya ta fasinja; na uku, kujeru nawa kartagiris ta ce, mutum nawa ke ciki a daren; sannan permin yaron, domin motar da ta wuce kujera tara tana bukatar permi D. In permin bai dace ba, kamfani zai biya majinyaci sannan yana iya juyowa ya nemi kuɗinsa. Ka sanar da kamfanin a rubuce cikin kwana biyar na aiki, ka karɓi shaidar sun karɓa. Kada ka sa hannu a wata yarjejeniyar biya ba da saninsu ba, domin suna da damar cewa ba ta hau kansu ba. Ka sayi magani, ka biya hoto da tiyata, amma kowace ordonans da kowane rasit ka adana kwafinsu.

Dangin majinyacin ma a gaya musu gaskiya: jandarma na da wata uku su aika wa kamfanin asirans kwafin takardar haɗari, ana lissafin diyya da ma'aunin da doka ta tsara bisa mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma jika 42 a wata tun farkon 2024, kuma haƙƙin neman yana faɗuwa bayan shekara biyar. Duk wannan a kan takardar jandarma ya rataya. Shi ya sa "a kashe magana a nan" a bakin hanya ya fi kowace dabara tsada: babu konsta, babu takarda, babu asirans. Wanda kuma ya ce ka kawo wani abu a ɓatar da fayil, yana jawo ka cikin laifin cin hanci, wanda mai bayarwa da mai karɓa duk suke ciki. Kowace tara ta gaskiya tana da rasit. Motar kuma ba ta fita sai da izinin wanda ya ba da umarnin riƙe ta, kuma gara gwanin asirans ya gan ta ya ɗauki hoto kafin makaniki ya taɓa ta.

Game da abin da hukuma ke yi da wanda ya kamata ta yi, ga ra'ayina. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1,19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma Afirka ce ke kan gaba in an auna da yawan jama'a. Ƙasashen da suka rage mutuwar maye sun gano cewa tsananin hukunci a takarda ba ya tsorata direba kamar tabbacin za a tare shi. Norwe ta sa iyakar 0,5 tun 1936, Ingila ta kawo na'urar hurawa a 1967, jihar Biktoriya ta Ostareliya ta fara tare motoci tana gwada kowa ba tare da jiran alama ba a 1976, kuma wannan na ƙarshen ne ya zama abin koyi. A wurinmu, ƴan sanda na cikin gari, jandarma na kan hanyoyin waje, hukumar ANISER na wayar da kai, amma yawanci ana duba takardu ne, ba a duba mai riƙe da takardun. Ba sai an sa na'ura a kowace kusurwa ba. Ƙofofin garin nan ƙidayayyu ne: hanyar Takeita da Maraɗi, hanyar Mirya da Gure, hanyar Magarya, da hanyar Tanut inda tankokin matatar SORAZ ke bi. A gwada kowane direban haya da na tanka a waɗannan wurare, a riƙa sauya rana da lokaci, a ƙarfafa da daddare, da asuba, ranakun kasuwa da lokutan bukukuwa, a haɗa da tsinken taramol, a kuma sa kuɗin saitin na'urori cikin kasafi tun ranar saye. In mai galan da ɗan Alhaji suna wucewa da gaisuwa, duk aikin ya tashi a banza. Sandikar direbobi ma na da ƙarfin da hukuma ba ta da shi, domin kamasho ya san wa ke sha, kuma shi ke ba da layi.

In hanya ta kai motarka ƙetaren Ɗan Barto zuwa Kwangwalam da Daura, ka sani can jihar Katsina ce, mai aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, inda shan giyar kansa laifi ne ga Musulmi ko babu tuƙi, ga hukumar kiyaye haɗurra, ga NDLEA mai kama masu taramol.

Nan gaba, makulli ya riƙa kwana a hannunka ko na wanda ka amince da shi, a kuma tsaya da direba fuska da fuska kafin lodin farko, a yi masa magana, a dubi idonsa: ƙwayar ido da ta tsuke kamar kan allura a cikin inuwa tana iya zama alamar taramol. Ka duba balas ɗin da kake ɗora masa ma, domin wanda aka ce sai ya yi sawu huɗu a yini zai nemi abin da zai riƙe shi.

Abu na ƙarshe na gaggawa ne. In yaron ya daɗe yana sha kullum, yankewa farat ɗaya a tsare tana da haɗari. Mai shan giya sosai yana fara karkarwa da gumi cikin yinin farko, tsakanin awa 48 zuwa 72 kuma yana iya rikicewa, ya riƙa ganin abin da babu, ya yi jijjiga, har ta kai ga rasa rai in ba a yi magani ba. Mai taramol yana shiga ciwon jiki, zawo, rashin barci da firgita, kuma a hankali likita ke rage masa ita. Ka tambaye shi tsakaninka da shi nawa yake sha kuma tun yaushe, ka gaya wa lauyansa, a rubuta buƙatar likita ya gan shi a inda yake tsare. In kotu ta sake shi, ka kai shi sashen masu kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibiti kafin a sake maganar ba shi mota.